Filin Tambaya da Amsa: Ƙarfe da Ruɓin Ganye a Cikin Ruwan Daɗi

Wasiƙun wannan karon duk a bakin ruwa suka haɗu, kuma abin da ya ɗaure su guda ne: ƙarafan da ke narke a rafi da tafki, waɗanda yawansu bai wuce ƙiris ba, irin su jan ƙarfe da dalma da tutiya da zaiba, da yadda ruɓaɓɓen ganye da saiwa ke riƙe su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kifi a tafkuna biyu masu girma ɗaya. Na farko ruwansa garau yake, na biyu daga rafi yake sha, ruwansa ya yi duhu saboda ganyen da ke zuba ciki. Na zuba musu kofa salfet awo ɗaya don kashe gansakuka. A mai ruwa garau kifi suka yi ta mutuwa, a mai duhun ko gansakukar ba ta girgiza ba. Maganin ne jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Maganin ba jabu ba ne, da jabu ne da kifinka ba su mutu ba. Ruwan ne ya bambanta.

Kofa salfet kashi 25 cikin 100 na nauyinsa jan ƙarfe ne. Idan ya narke, jan ƙarfen kan fito a matsayin ayon, wato ƙwayar ƙarfe mai cajin lantarki, mai caji biyu, yana yawo a sake, kuma wannan sakakken ne ke kashe gansakuka, shi ne kuma ke kashe kifi. Yana manne wa jajayen gaɓoɓin nan da kifi ke numfashi da su, ya toshe hanyar da kifin ke jawo sodiyam daga ruwa. Kifin ruwan daɗi kullum gishirin jikinsa yoyo yake yi zuwa cikin ruwa, kullum kuma yana mayarwa ta wannan hanya. Da zarar ta toshe sai gishirin jininsa ya yi ƙasa, jinin ya yi kauri, zuciya ta gaza.

Duhun tafkinka na biyu kuwa narkakken ruɓi ne, wato abin da ruwa ya wanko daga ganye da itace da ƙasa bayan sun ruɓe. Wannan ruɓin na cafke jan ƙarfe kafin ya kai ga kifi ko gansakuka. A yawancin koguna da tafkuna, sama da kashi 90 cikin 100 na narkakken jan ƙarfe a hannun ruɓi yake, sau da yawa har ya zarce 99. To ka ga awo ɗaya ka zuba, amma guba biyu ka samu.

Akwai abu na biyu, wato ƙarfin ruwa na kashe tsami, wanda ake kira alkaliniti. Tsohuwar ƙa'idar masu kiwon kifi ita ce a auna alkaliniti da miligiram a lita, a raba da 100, abin da ya fita shi ne miligiram na kofa salfet a kowace lita. Idan alkaliniti 100 ne, giram 1 ke nan a kowace lita 1,000. Idan bai kai 50 ba, kada a kusanci maganin sam. Idan ya haura 250, jan ƙarfen kan dunƙule da kabonet ya kwanta a ƙasa, aikin ya zama na banza. Raunin wannan ƙa'ida shi ne ba ta san da ruɓi ba, shi ya sa take cin amanar mai ruwa garau.

Muna roƙonka kada ka ce tunda tafkin mai duhu bai ji ba sai ka ninka masa. Wuraren da ke riƙe jan ƙarfe da ƙarfi a jikin ruɓi ƙidayayyu ne. Kafin su cika ba ka ganin komai, suna cika sai sakakken jan ƙarfe ya yi tsalle lokaci guda. Ɗebi ruwan tafkin a bokiti huɗu, ka sa ƙananan kifi kaɗan a kowane, ɗaya babu magani, sauran da awo daban-daban, ka duba su kwana 2 tukuna. Idan za ka zuba a tafki, narkar da maganin a ruwa, ka watsa a kashi ɗaya cikin uku na tafkin da safe, injin iska yana aiki, domin gansakukar da ta mutu tana shanye iskar oksijin yayin ruɓewa, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe kifi.

Tambaya: Malamai, ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar sinadarai. Ana ta ce mana ruɓi na ɗaure ƙarfe. Da me yake ɗaure shi, kuma me ya sa yake fifita wani ƙarfen a kan wani?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗiyarmu. Fara da cire wa ranki cewa ruɓi sinadari ɗaya ne mai tsari ɗaya da za ki zana a allo. Tarin dubban sinadarai ne, kuma da hanyar aiki ake raba su. Abin da ya wuce matata mai rami maikromita 0.45 shi ake kira narkakke. Ana auna kabon ɗin da ke cikinsa, shi ne DOC. Yawancin koguna suna tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, ruwan fadama mai duhu kan haura 30. Kusan rabin nauyin ruɓi kabon ne, don haka DOC 5 na nufin ruɓi wajen miligiram 10.

Idan kika tsamar da ruwan har pH, wato ma'aunin da ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 2, wani kaso zai dunƙule ya kwanta, shi ne asid ɗin humik. Wanda ya ƙi kwanciya asid ɗin fulbik ne, ƙwayoyinsa sun fi ƙanana, kuma shi ya fi yawa a kogi. Ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, IHSS, wadda aka kafa a 1981, tana tace su daga kogin Suwannee na jihar Jojiya a Amurka, ta rarraba wa ɗakunan bincike don kowa ya yi gwaji da abu iri ɗaya.

Hannuwan da ke kamun guda uku ne. Mafi yawa rukunin kaboksil, mai sakin haidurojin ɗinsa a pH 3 zuwa 5, wanda ke nufin a ruwan kogi ya riga ya saki, yana ɗauke da caji mai jan ƙarfe zuwa gare shi. A fulbik na Suwannee yawansa ya ɗan haura maikromol 10 (maikromol ma'aunin adadin ƙwayoyi ne) a kowane miligiram na kabon. Sai rukunin finol, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wancan, ba ya sakin haidurojin sai pH ya kai 8 zuwa 10, amma ƙarfe mai ƙarfi irin jan ƙarfe kan ture haidurojin ɗin ya zauna. Na uku 'yan tsiraru ne, masu naitirojin da farar wuta, kuma su ne suka fi kowa riƙo. Idan hannuwa biyu suna maƙwabtaka, kamar kaboksil kusa da finol, sai su kama ƙarfe ɗaya ta gefe biyu irin kamun ƙaguwa, kuma ƙwacewa daga nan da wuya.

Yi lissafin da kanki. Kogi mai DOC 5 na da wajen maikromol 50 na kaboksil a lita. Jan ƙarfe maikrogiram 2 a lita maikromol 0.03 ne kacal. Kujerun, wato wuraren riƙo, sun fi masu zama yawa sau dubu da ɗoriya, don haka jan ƙarfen ba ya zama a kujerar talakawa, mafi ƙarfin wuri yake zaɓa. Daga nan ne kuskuren da ya fi damunmu a ayyukan ɗalibai ke fitowa: a zuba ƙarfe mai yawa a gwaji don na'ura ta iya gani, a fitar da lambar ƙarfin riƙo, a ɗora ta a kan kogi. Da yawan ƙarfe kin cika wurare masu ƙarfi tun farko, abin da kika auna na raunana ne. Lambar riƙon ruɓi ba ta da ma'ana sai an faɗi pH da gishirin ruwan da yawan ƙarfe a kan kowane miligiram na ruɓi.

Batun fifiko kuwa, masana kimiyya Irving da Williams sun nuna tun 1948 cewa a ƙarafa masu caji biyu riƙo na ƙaruwa daga manganis zuwa baƙin ƙarfe, kobalt, nikel, ya ƙure a jan ƙarfe, sannan ya sauko a tutiya. Ruɓi na bin wannan jeri. Dalma na kusa da jan ƙarfe. Tutiya da kadmiyam riƙonsu sako-sako ne, sau da yawa rabi ko fiye na yawo a sake. A 1963 Ralph Pearson ya ƙara da rabon masu tauri da masu taushi: baƙin ƙarfe mai caji uku da alminiyam suna son oksijin, zaiba da azurfa suna son farar wuta.

Kada ki manta da 'yan takara. Kalsiyam riƙonsa rauni ne, amma miligiram 40 a lita maikromol 1,000 ne, yawa kaɗai ya isa ya danne cajin ruɓin ya kori tutiya da kadmiyam. Baƙin ƙarfe da alminiyam su kuma wurare masu ƙarfin suke nema. Babban ɗan takara haidurojin ne: ruwa na tsami, ruɓi na saki. Saukar pH da maki ɗaya na iya ninka sakakken jan ƙarfe sau goma.

Tambaya: Idan ruɓi na rage gubar ƙarfe, ke nan ruwa mai duhu da ke da dalma ba ya cutar da mai sha?

Amsa: A'a, Malam, kuma muna so wannan ya fito fili. Kariyar ta kifi ce, wanda ke haɗuwa da ƙarfe a pH na kogi. Tsamin cikin ɗan Adam kan sauka har pH 2, a nan ruɓi sakin abin da ya riƙe yake yi. Saboda haka iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya na jimillar ƙarfe ne: dalma maikrogiram 10 a lita, kadmiyam 3, asenik 10, jan ƙarfe miligiram 2. Ruɓi ma ƙara matsala yake yi, domin yana hana ƙarfe kwanciya, ya ɗauke shi ya yi nisa da shi, kuma a tsofaffin bututun dalma yana iya ƙara narkar da ita. Tafasa ruwa ba ta cire ko ɗaya daga cikinsu.

Tambaya: Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Na ɗebo ruwa mai duhu, na zuba asid, bayan mako na ga ɓarɓashi a gindin kwalbar, sakamakon kuma ya ƙi daidaita. Ina na kuskure? Kuma ta yaya zan san sakakken ƙarfe daga ɗaurarre?

Amsa: Malama, ɓarɓashin nan asid ɗin humik ne ya kwanta, kamar yadda yake yi a ƙasa da pH 2, kuma yana iya jan wani abu na ƙarfen ya sauka da shi. Idan kika tsiyayi na sama kika auna, sakamakonki zai yi ƙasa. Maganinsa a narkar da samfurin gaba ɗaya kafin awo, da asid ɗin naitirik a kan zafi, ko da fitilar hasken UV da ɗigon haidurojin feroksaid har ruwan ya washe.

Amma matsala ta fi farawa tun daga bakin kogi. Kwalba ɗaya ba ta isa, uku ake ɗiba. Ta jimillar narkakken ƙarfe ta roba ce mai kyau, wadda aka jiƙa a asid kashi 10 cikin 100 na aƙalla awa 24 aka ɗauraye da tataccen ruwa. A tace a wurin da matatar 0.45, a zubar da mililita 10 zuwa 20 na farko, sannan a zuba asid har pH ya sauka ƙasa da 2. Tacewa kafin asid, ba akasin haka ba. Wanda ya fara zuba asid ya narkar da ƙarfen da ke jikin laka, ya ƙidaya shi cikin narkakke. Idan matata ta fara toshewa a canza ta, domin ramukanta sun tsuke, ta fara tare abin da ya kamata ya wuce. Ta DOC ta gilashi ce mai duhu, wadda aka gasa a digiri 450 na awa 4, a ajiye ta a digiri 4. Ta uku, ta rabe sakakke da ɗaurarre, ba a sa mata asid ko ɗigo. A cika ta fal, a ɓoye ta daga rana, a yi aikinta cikin 'yan kwanaki. Hasken rana na farfasa ruɓi, musamman inda akwai baƙin ƙarfe, ya saki abin da ke hannunsa. pH a bakin ruwa ake auna shi, don yana sauyawa a kwalba. Mutum biyu ake so, ɗaya shi kaɗai ke taɓa kwalba da safar hannu marar hoda, ɗayan yana riƙe sauran kaya. Ki tafi da kwalbar tataccen ruwa ki yi mata duk abin da kika yi wa samfurin. Tutiya ce ta fi shiga ta ɓarauniyar hanya, daga ƙura da safar hannu da murfin roba.

Wajen gano sakakke, hanya mafi sauƙi a fili ita ce DGT, wadda Davison da Zhang na Jami'ar Lancaster a Ingila suka fito da ita a 1994. Ɗan faifan roba ne mai taga santimita 3.14 murabba'i. A waje matata, bayanta jel mai kaurin milimita 0.8, bayan wannan kuma jel mai ƙwayoyin Chelex, sinadarin da ke kama ƙarfe. Ana rataye shi a ruwa mai gudu kwana 1 zuwa 3, a rubuta zafin ruwan, a ciro jel ɗin Chelex a jiƙa shi a mililita 1 na naitirik mai ƙarfin mola 1 na awa 24, a auna. Ruwa mai jan ƙarfe maikrogiram 1 a lita, a digiri 25, nanogiram wajen 18 kawai zai tara a yini guda, kin ga dalilin da ya sa ƙazantar yatsa ɗaya ke rusa aikin. A ruwa marar motsi sakamako kan yi ƙasa saboda wani siririn ruwa da ke tsayawa a fuskar tagar, idan kuma ya daɗe, yauƙi na toho a kai. Ki kuma sani DGT na tara sakakke haɗe da wanda riƙonsa bai yi ƙarfi ba, don haka lambarsa ta fi ta sakakke zalla.

Ɗaya hanyar lissafi ce da kwamfuta. Akwai tsarin lissafi irin su WHAM na Edward Tipping, wanda ya fito a 1994, da NICA-Donnan, da manhajar Visual MINTEQ ta Jon Petter Gustafsson ta Suwidin wadda kyauta ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ɗora ma'auninta na jan ƙarfe a ruwan daɗi kan irin wannan lissafi tun 2007, kuma abu goma take nema: zafi, pH, DOC, kalsiyam, magniziyam, sodiyam, fotasiyam, salfet, kulorayid da alkaliniti. A cikinsu pH da DOC ne ke juya sakamako, a nan za ki zuba kulawarki. Mu dai ba ma yarda da lambar kwamfuta ita kaɗai sai an gwada ta da awo ko sau ɗaya a wannan ruwan, saboda manhajar tana ɗauka ruɓinki irin wanda aka gina ta da shi ne.

Tambaya: Na karanta cewa kifin tafkuna masu duhun ruwa sun fi tara zaiba. Wannan bai saɓa wa bayaninku ba?

Amsa: Ka lura da kyau, Malam. Zaiba hanyarta daban. Tana kama farar wutar da ke cikin ruɓi da ƙarfin da babu irinsa a sauran ƙarafa, kuma gwaje-gwaje sun nuna muddin ba ta wuce maikrogiram 1 a kan miligiram 1 na ruɓi ba, a waɗannan wuraren take zama. Zaibar ruwa da nanogiram ake ƙidaya ta, ke nan kusan duka a ɗaure take. Ruɓin sai ya zama abin hawanta daga ƙasa da fadama zuwa tafki. Can a laka marar iska, ƙwayoyin bakteriya masu cin salfet, waɗanda ruɓin ne ma abincinsu, suna mayar da ita metil-zaiba, nau'in da ya gurgunta mutanen Minamata a Japan aka gano cutar a 1956. Wannan nau'in ba ya fita daga tsoka da sauƙi, yana taruwa daga ƙaramin kifi zuwa babba. Duhun ruwan kuma na tare hasken rana da zai farfasa shi. Idan ruɓi ya yi yawa sosai yana iya rage shigar zaiba cikin ƙananan halittu, amma a tsaka-tsaki kawo ta yake yi.

Tambaya: Ina kula da matatar ruwan sha. Muna busa wa ruwa iska don baƙin ƙarfe ya kwanta, amma idan ruwan sama ya wanko duhu ba ya kwanciya, kuma alif ɗin da muka saba bai isa ba.

Amsa: Injiniya, ruɓi ne ya riƙe baƙin ƙarfen. Ko iska ta mayar da shi mai caji uku, ruɓin na lulluɓe shi ya bar shi a 'yan ƙwayoyin da ba sa kwanciya kuma yashi ba ya tare su. Ruɓin za ka cire, ƙarfen ya biyo shi.

Auna shanye hasken UV a nanomita 254, ka mayar da shi na mita ɗaya, ka raba da DOC. Idan ya haura 4, ruɓin humik ne, alif na cire shi sosai, sau da yawa fiye da rabi. Idan bai kai 2 ba, ko ka ƙara alif kaɗan zai fita. Baƙin ƙarfe da kansa na shanye hasken 254, idan yana da yawa lambar za ta kumbura.

A irin wannan ruwa DOC ne ke yanke yawan alif, ba laka ba. Jera kwalabe shida na lita 1, alif daga miligiram 10 zuwa 60, juyi mai sauri na minti 1, a hankali na minti 15 zuwa 20, hutu na minti 30. Riƙe pH tsakanin 5.5 da 6.5 ga alif, gishirin ferik, wato na baƙin ƙarfe, kuwa ya fi aiki kusa da 5. Alif na cin alkaliniti, wajen miligiram 0.5 a kan kowane miligiram, saboda haka a ruwa marar alkaliniti pH na iya zarcewa ƙasa, dunƙulen ya ƙi haɗuwa, alminiyam ya wuce cikin ruwan sha. Idan haka ta faru a gyara da farar ƙasa ko soda kaɗan-kaɗan. Kada ka yi ƙoƙarin karya ruɓin da kulorin tun a mashiga, domin haɗuwarsu na haifar da kulorofom da danginsa, abin da Johannes Rook ya gano a ruwan Rotterdam a 1974. Kulorin bayan tacewa yake zuwa. Kafin ruwan ya shiga bututu ka ɗaga pH zuwa 7.5 ko 8 don kada ya ci bututun, lakar da ta kwanta kuma a zubar da ita inda ruwa mai tsami ba zai sake wanke ta ba, tunda duk ƙarfen da ka cire a cikinta yake.